Anti, a gida sun ce rashin tawakkali ne ke damuna

Saƙon wannan makon daga Zariya ya zo, wata ƙanwa ce ta turo cikin dare ta ce kar a saka sunanta. Na ɗan rage shi saboda tsayi amma duk maganarta ce:

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 26, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. Bara Babanmu ya rasu, ni na yi jinyarsa wata huɗu har ya cika a hannuna, bayan wata uku kuma wanda zan aura ya ce ya fasa, har an kawo kuɗin gaisuwa. Tun daga nan ban sake komawa daidai ba, wata bakwai kenan. Ba na iya bacci, in ma na samu na yi to ƙarfe uku zan farka shikenan sai asuba. Abinci kamar ƙasa nake ci, na daina zuwa Islamiyya, wajen aikin ma da ƙyar, sai in kwana biyu ban yi wanka ba. Ƙawata tun ta sakandare kullum sai ta kira ba na ɗagawa. Umma ta ce rashin tawakkali ne, Gwaggo ta ce sammu ne ta kai ni ruƙiyya sau biyu, Yayana ya ce don namiji ya guje ni nake wannan abin kunyar. Ina sayen ƙwayar bacci a kemis ba wanda ya sani. Wani lokaci sai in ji da ma in kwanta kar in tashi. Anti haukacewa zan yi ne? Ko imanina ne ya yi rauni? Ya zan yi su fahimce ni?"

Wa alaikumussalam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, jinyar nan da kika yi masa Allah ya sa ki tarar da ita a mizaninki.

Sau uku na karanta saƙonki, kuma duk karantawar a wuri ɗaya nake tsayawa, wajen "da ma in kwanta kar in tashi" da kuma ƙwayar nan da kike ɓoyewa. To daga nan zan fara, sauran maganar ta biyo baya. Dan Allah yau ɗin nan, ba gobe ba, ki kwashe duk abin da ya rage na ƙwayar nan ki damƙa wa wani babba a gidan ya ajiye, kar ta sake kwana ɗaki ɗaya da ke. In kin daɗe kina sha kullum kar ki yanke ta lokaci ɗaya da kanki, irin su diazepam ɗin nan jiki yana sabawa da su kuma yankewa farat ɗaya na da haɗari, likita ne zai nuna miki yadda za a rage. Amma ajiyarta ta bar hannunki. Kuma duk daren da wannan tunanin ya wuce "da ma", ya fara zama kina lissafin yadda za ki yi ko yaushe, ki tashi Umma ko da ƙarfe biyu ne ki ce mata "Umma ina tsoron kaina", a tafi da ke sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a daren. Babu kunya a wannan wallahi. Na gode da kika iya faɗa min, na san ba ƙaramin nauyi ya yi miki ba.

Yanzu tambayarki ta farko. A'a, ba haukacewa za ki yi ba. Ni ba likita ba ce kuma ba a duba mara lafiya ta saƙo, amma abin da kika lissafo ɗaya bayan ɗaya shi ne abin da likitoci ke tambaya in suna neman ciwon damuwa: baƙin ciki da ya ƙi tafiya, fita daga sha'awar abubuwan da da kike so, bacci ya lalace musamman farkawar nan ta tsakar dare, abinci ya fita a rai, kasala, ganin kai ba a bakin komai ba, da tunanin mutuwa. A ƙa'idarsu in irin wannan ya kai sati biyu kusan kullum har ya taɓa aikin mutum da zamansa da jama'a to sun fara kiransa ciwo. Ke kina wata na bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sama da mutum miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya, kuma ya fi kama mata. Ciwo ne mai suna, mai magani, ana warkewa, na ga waɗanda suka warke da idona.

Maganar imani kuwa ita ce ta fi min zafi, don na san yadda kalmar "rashin tawakkali" ke sukar mutum in ta fito daga bakin uwa. Ki buɗe Suratu Yusuf ki karanta aya ta 84 zuwa 86, Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, 'ya'yansa suna ce masa ba za ka daina tuna Yusufu ba sai ka halaka, shi kuma ya ce ni ga Allah kaɗai nake kai ƙarar damuwata da baƙin cikina. Wa zai ce masa ba shi da tawakkali? Nana Maryam da naƙuda ta kama ta a gindin dabino ita kaɗai cewa ta yi da ma na mutu kafin wannan, yana nan a Suratu Maryam aya ta 23, kuma amsar da ta samu lallashi ne, aka ce kar ki yi baƙin ciki, ga ruwa ga dabino ki ci ki sha. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu har yau a littattafan tarihi sunanta Shekarar Baƙin Ciki. Sannan akwai wani malami Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a 934 miladiyya, sama da shekara dubu kenan, ya yi rubutu a kan lafiyar jiki da ta rai, ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya ce na biyun nan yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. Kin ga ke nan maganar ba baƙuwa ba ce a wajen Musulmi. Ki ci gaba da addu'arki, ki riƙe "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan", ruƙiyyar da aka yi da Alƙur'ani ma ba na ce miki laifi ba ce, amma mai ciwon suga yana addu'a kuma yana zuwa asibiti, ba wanda ya taɓa ce masa ya zaɓi ɗaya. Abin da kawai ba zan yarda da shi ba shi ne duk wurin da za a doke ki ko a ɗaure ki ko a turara miki hayaƙi har ki shiɗe da sunan cire aljani, ko a ce miki wance ce ta yi miki. Wannan kam ki ƙi.

Bari in ba ki labarin gidanmu, don ni ma na taɓa tsayawa a inda Yayanki yake tsaye yanzu.

Ƙanena ne, shekarun baya jarinsa ya karye, kuɗin mutane a ciki. Ya shiga shagonsa na zaure ya rufe. Abin da har yau nake gani a idona shi ne kwanon abincinsa a bakin ƙofa, a kai da rana a rufe da faifai, in na dawo da magariba in ɗaga faifan in tarar da tuwon yadda aka kai shi miyar ta daskare a kai, cokalin ma bai motsa ba. Gashi ya taru masa, riga ɗaya kusan sati, waya a kashe. Ni kuma abin da na iya a lokacin faɗa ne, in tsaya a bakin ƙofa ina ce masa kai kaɗai ne aka taɓa yi wa asara, dubi wane gobara ta cinye masa komai ga shi nan yana harkarsa, ka tashi ka zama namiji. A zuciyata taimakonsa nake. Bayan ya samu lafiya ya faɗa min cewa duk ranar da na yi masa wannan maganar sai ya ji lallai ya tabbata shi kaya ne a kanmu, gara babu shi. Na yi kuka ranar da na ji haka, kuma har yanzu in na tuna sai na nemi gafarar Allah.

Wanda ya fara jawo shi abokinsa ne, wani mai gyaran mashin, ko sakandare bai gama ba. Kullum bayan la'asar zai zo da hannunsa duk baƙin mai, ya buga ƙofa ya shiga ya zauna a bakin katifa. Ba wa'azi ba tambaya. Wani lokaci rake zai zo da shi ya feƙe ya ajiye masa, ya ɗan yi labarin gareji, magariba ta yi ya ce tashi mu je masallaci, in ya ƙi ya ce to shikenan sai gobe. Sati biyu yana haka kafin ƙanena ya yarda ya bi shi masallaci. Daga nan wanzami, daga nan ya kwashi kayansa ya kai wanki, kuma shi ne dai ya goya shi a mashin ya kai shi asibiti ya zauna da shi a layi tun safe har azahar. Likita ya ba da magani ya yi nasa, amma da babu mai bugun ƙofar nan da ba a kai ga likitan ba. Yau ƙanena yana da 'ya'ya uku yana kasuwarsa.

Shi ya sa da na ga kin ce ƙawarki kullum sai ta kira, na ce alhamdulillah, yarinyar nan tana da mai bugun ƙofarta. Mutumin da ya yi wata bakwai yana kira ba a ɗagawa bai gaji ba, wannan ba ƙawar biki ba ce. Na san dalilin da ba kya ɗagawa, ba ki da ƙarfin hira, kina jin kunyar daɗewar da kika yi, kuma ciwon yana raɗa miki cewa damunta za ki yi. Ciwon nan haka yake, yana sa mutum ya guji ainihin waɗanda za su taimake shi, kuma duk abin da yake faɗa miki game da kanki ki ɗauke shi kamar ɗacin bakin mai zazzaɓi da ke sa ko zuma ta yi ɗaci. Ba sai kin kira ba. Ki tura mata saƙo a WhatsApp, layi biyu ya isa: "Ki yafe min rashin ɗaga waya, ba ni da lafiya ne, damuwa ce ta yi min yawa. Ki zo gida dan Allah, ko ba zan iya magana ba ki zauna da ni." Shikenan. Ba sai kin yi bayanin wata bakwai ba.

Sai maganar gida. Kin tambaya ya za ki yi su fahimce ki, to gaskiya ba za su fahimta gaba ɗaya lokaci ɗaya ba, kuma kar ki kashe ɗan ƙarfin da ya rage miki wajen shawo kan kowa. Mutum ɗaya kike nema tukuna. Ni a ganina Umma ce, duk da maganar da ta faɗa. Ki tuna ita ma mijinta ta rasa, ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma ta fito ta ci gaba da riƙe gida, wataƙila kalmar tawakkalin nan ita ce sandar da take dogarawa ita kanta, shi ya sa take miƙa miki ita, ba ta da wata. Kuma iyayenmu mata da yawa sun tashi ne a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, a haɗiye a yi shiru. Amma su ɗin dai su ne suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ki same ta lokacin da ba kowa, bayan isha ko bayan asuba tana kan sallaya. Kar ki fara da "damuwa", don da ta ji za ta koma kan wa'azi. Ki fara da jiki, shi ne yaren da za ta ji da sauri: Umma wata bakwai ba na bacci, ƙarfe uku nake farkawa, kin ga yadda na rame, zanina ma ba ya zama, ina so ki raka ni asibiti. Uwa ba ta jin haka ta ƙi tashi. In kina ganin bakinki ba zai iya ba, ki miƙa mata wannan amsar tawa ko ki sa ƙawarki ta karanta mata, ko ki nemi wanda take jin maganarsa, ƙanwarta ko malamar Islamiyyarku, ta yi miki iso. Gwaggo kuma kar ki ɗauke ta abokiyar gaba, matar da ta ɗauke ki ta kai ki wajen malam sau biyu da kuɗin motarta ta damu da ke ne, hanyar da ta sani ta bi. Irin su in suka gane, su ne masu raka mutum asibiti ba fashi.

Abin da na koya a kan ƙanena, 'yan uwa suna son taimakawa amma ba su san me za su yi ba, in ba a ba su aiki ba sai su koma faɗa da nasiha. To ki ba kowa aikinsa ƙarami. Umma ta riƙe magani ta riƙa ba ki a kan lokaci, ku ci abinci kwano ɗaya ko loma biyar ce. Ki koma kwana ɗakinta na wani lokaci, farkawar ƙarfe uku ta fi sauƙi in akwai numfashin wani kusa da ke. Ƙawarki ta riƙa zuwa sau biyu a sati ku ɗan taka ko zuwa bakin titi ne ku dawo, ta tsefe miki kai ta yi miki kitso. Yaya kuma kuɗin mota da na magani.

Zan ɗan yi magana da su kai tsaye, in kin ga dama ki nuna musu nan wajen.

Umma, ina gaisuwa, ya ƙarin haƙuri. 'Yarki ba ta raina ƙaddara ba, ba ta da lafiya ne. Yarinyar da ta kwana wata huɗu a gefen gadon mahaifinta tana juya shi tana ba shi abinci a baki ba raguwa ba ce, gajiyar da ba ta samu ta sauke ba ce ta haɗu da rashi biyu a jere. Nana A'isha (RA) in aka yi rasuwa a danginsu, bayan mata sun watse sai ta sa a dama talbina, kunun sha'ir ne, ta ce a sha don ta ji Manzon Allah (SAW) yana cewa tana kwantar da zuciyar mara lafiya kuma tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki, hadisin yana cikin Bukhari. Kin ga ko a gidan Annabta mai baƙin ciki abinci ake dama masa a zauna kusa da shi. Ke ma ki dama mata kunu ki zauna har ta sha. Kai kuma Yaya, na san zafin abin da mutumin nan ya yi wa ƙanwarka ne ke cinka, amma kalmar "abin kunya" ka janye ta, ka je ka ce mata ka janye. Yanzu kai ne a matsayin Baba. Kar ku ce mata ta dubi na ƙasa da ita, ta sani, kuma sanin yana ƙara mata jin laifi ne. Kar a yi ta kawo mata zancen wani mijin yanzu. In ta ce tana jin gara ta mutu kar ku ce "a'uzubillahi daina faɗa" ku tashi, ku zauna ku tambaye ta tun yaushe, ta yi tunanin yi wa kanta wani abu ne, tambayar ba ta sa mutum ya aikata, sauƙi ma take kawo masa. Sannan ku kawar da maganin ɓera da fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga inda hannu ke kaiwa, kuma kar a bar ta ita kaɗai a gida in ta shiga irin wannan halin.

To mu dawo kanki ƙanwata. Kina Zariya, asibitin koyarwa na Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, a Kaduna kuma ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Masu karatu na wasu garuruwan, Kano akwai Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, Sakkwato akwai Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya. Na san abin da ke zuwa ranki, a ganki a can a ce kin haukace, wa zai aure ki. In wannan ne zai hana ki, ki fara da likitan da ke ganin kowa da kowa a babban asibiti, ki yanki kati kamar mai zazzaɓi, su ma suna duba ciwon damuwa kuma in ya fi ƙarfinsu su tura ki gaba. Mutanen da ke zaune a layin can ɗin ma in kin je za ki ga malaman makaranta ne da 'yan kasuwa da masu jego da ɗalibai, irinmu ne. Ƙasar ma ta ɗan motsa, a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, sabuwar ta amince mai irin wannan lalurar yana da haƙƙi da mutunci kamar kowane mara lafiya.

In kin shiga wajen likita ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗi komai, har ƙwayar kemis da sunanta da guda nawa kike sha, har tunanin mutuwar. Ki tafi da kwalin ma. Wataƙila ya sa a yi miki gwajin jini, don ƙarancin jini da matsalar ƙullin nan na wuya da in ya kumbura muke ce masa maƙoƙo suna iya kawo kasala da mutuwar jiki mai kama da wannan. In ya rubuta magani, irin su fluoxetine ko sertraline ko amitriptyline, ga abin da mutane da yawa ba a faɗa musu har su yar da shi: ba ya aiki kamar Panadol. Sai ya ɗauki sati biyu zuwa huɗu, wani har shida, kafin ki fara jin canji, kuma a kwanakin farko yana iya sa tashin zuciya ko bushewar baki ko jiri. In ya dame ki, ko kika ji tunanin nan ya ƙaru, ki koma wajen likitan da wuri ya duba, kar ki yanke da kanki. In kin ji sauƙi ma ba a dainawa nan take, yawanci ana ci gaba aƙalla wata shida bayan an warware don kar ya dawo, sannan a sauka a hankali. Kuma ba irin su tramadol da kodin ba ne masu bugarwa, ki faɗa wa Umma haka tun kafin wata maƙwabciya ta tsorata ta. Ki tambaya kuma ko akwai masanin halayyar ɗan Adam da za ki riƙa zama da shi kuna magana, ga wanda rashi ya kawo masa ciwon wannan zaman yana da amfani ƙwarai, wani ma shi kaɗai ke isar masa.

Kar ki ga kamar maganar dangi da ƙawaye da nake ta yi ra'ayina ne kawai. A nan Najeriya, a 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, maimakon a kulle marasa lafiya a asibiti sai ya sa suna zama a ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan uwansa guda da ya rako shi yana masa girki da wanki, da rana su zo asibiti a duba su. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabuwe ma wani likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata, kakanni, yadda za su zauna a benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa su taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma da aka auna aka ga mutane suna samun sauƙi sosai. Su a yarensu ciwon ma sunansa "yawan tunani", kamar dai yadda muke faɗa a nan. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, likita zai gan ki minti ashirin ne a wata, sauran kwana talatin ɗin a hannun mutanen gida kike.

Naki aikin ke kuma ƙanana ne, kar ki ɗora wa kanki komawa yadda kike da a sati ɗaya. Mai wannan ciwon in ya ce sai ya ji sha'awar abu zai yi to ba zai yi ba, yin ne ke fara zuwa sannan sha'awar ta biyo daga baya. Gobe da safe ki yi wanka ki fito tsakar gida ki zauna a hantsi minti goma, in kin yi wannan kin yi aikin ranar. Jibi ki ƙara da shara ko yankan alayyahu kusa da Umma. Aikin makarantar nan in da hali kar ki ajiye shi, ko hutu za ki nema na ɗan lokaci da takardar likita, don fitar nan da hayaniyar yara suna riƙe ki fiye da yadda kike zato. Wayar dare ki rage, musamman leƙa shafin mutumin nan, ki toshe shi kawai ki huta. Kuma ki yi kukan Baba, ina zargin ba ki samu kin yi shi ba, kina ta hidimar masu zuwa gaisuwa. Ki zauna da Umma ku yi hirarsa, abin da yake so, abin da yake faɗa in ya shigo gida, ku yi kukan tare ku yi masa addu'a.

Za a samu ranakun da za ki ji kamar kin warke sai kuma gobe ki tashi da nauyin nan a ƙirji, musamman in watan rasuwarsa ya zagayo ko aka yi bikin wata ƙawa. Hakan ba ya nufin maganin bai yi ba ko kin koma farko, ki dai faɗa wa Umma ko ƙawarki "yau ba daɗi" su san yadda za su yi da ke.

Daren yau abu biyu nake roƙonki, ki miƙa ƙwayar nan, ki tura wa ƙawarki saƙon. Asibiti kuma kar ya wuce satin nan. Ki sake rubuto min bayan sati biyu ki faɗa min wa ya raka ki da abin da likita ya ce, in kuma Umma ta ƙi sauraro ki faɗa min mu san ta inda za mu ɓullo mata. Ina saka ki a addu'a, Allah ya ba ki lafiya ya sanyaya miki zuciya.